Kada Ki Amsa Gaisuwa Da Albarushi A Hannunki

Levenshulme, Manchester

Zuwa ga 'yata Rahila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan takardar nan ta same ki lafiya. Na san kina lafiya, don yanzun nan nake jin ki a sama kina jan akwati kina waƙa, amma haka aka koya mana buɗe wasiƙa, ba zan canza ba da tsufana. Allah ya kai ki Birmingham lafiya, ya tsare hanya, ya sa ki shiga sabon aikinki da ƙafar dama, ya haɗa ki da shugaba mai haƙuri da maƙwabta marasa kare.

Da gangan na rubuta da Hausa. Turancina kin san shi, aji uku na sakandare na tsaya, sauran a tashar bas na tsince shi. Kuma in da Turanci ne, ido ɗaya za ki zuba masa ki ninke ki sa a aljihu. Hausa kuwa sai kin bi ta da yatsa kina motsa leɓe, to haka nake so.

Kin tambaye ni ko za ki tafi da kayan zubi, wato mazubin harsashi da tukunyar narka dalma da sikeli da sauran tarkacen ɗakin katakon bayan gida. Maganar bindiga an gama, lasisinki ya fito, 'yan sanda sun je gidan Anti Laraba a Perry Barr sun duba akwatin ƙarfen da za ki kulle ta, sun ce ya yi. Amma tsohuwar nan mai cin harsashi ɗaya ta girmi kakana, ba a sayar da abincinta a kanti. Ko mutum ya haɗa da hannunsa, ko ta zama sandar dogarawa. Mamanki ta ce ba inda kayan za su je, in kina so ki riƙa hawo jirgin ƙasa kina karɓar harsashi a hannun ubanki. Ni na ce sai na yi tunani. Ni da tunani ba mu saba ba, shi ya sa ya ɗauke ni lokaci. Amsar tana cikin takardar nan, kada ki tsallake zuwa ƙarshe, ina ganin ki.

Kina ƙarama lokacin da abin ya faro, bari in tuna miki. Ni da Walta, tsohon Baturen nan da kike kira Kaka, tare muke kula da ɗakin taron unguwa, shi yana kula da injin ɗumama ɗaki, ni shara da makullai. Da gwamnati ta fara tsuke bakin aljihu, rana ɗaya council, wato ƙaramar hukuma, ta sallame mu. Muna tsaye a bakin titi ya ce, "Pita," haka yake kirana, bakinsa bai iya Bitrus ba, "me za ka yi gobe?" Na ce zan zauna in kalli ruwan sama. Ya ce, "Zo ka kalle shi daga ƙofar ɗakin aikina, aƙalla akwai shayi." Can na tarar da shi yana narka dalma yana zuba harsashi, abin da yake yi tun yana saurayi. Ni kuwa bakina bai iya zama ba, na ce masa ai kakana maharbi ne, da bindigar adaka ya ci da gida, abin a jinina yake. Walta ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Madalla. To ka ce wa jinin naka ya sa safar hannu."

Harsasan da na fara zubawa, da kin gan su da kin yi musu addu'a. Duk sun yamutse kamar fuskar wanda ya sha tsamiya, wani babu gindi, wani babu kai. Ban jira mazubi ya yi zafi ba, saboda jikan maharbi ba ya jira. Na jera su a faranti na kai wa Walta kamar mai kai ƙosai. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya ce wannan ya yi kama da surukarsa, ya juye farantin gaba ɗaya cikin tukunya. Raina ya ɓaci, sai da na ga sun narke sun koma ruwa mai ƙyalli kamar ba su taɓa ba ni kunya ba. To ki riƙe wannan: na farko-farko ba na ajiyewa ba ne, na ɗumama mazubi ne. Ki mayar da su tukunya ba tare da kin yi musu kuka ba. Watanninki na farko a wurin aiki ma kada ki auna kanki da su. Kuma duk wanda ya fito da kyau a ido, ki ɗora shi a sikeli. Na sha ganin kyakkyawan harsashi da rami a cikinsa, sai an harba shi ya bar takardar da ka auna ya tafi gaishe da ta maƙwabci.

Sai maganar tukunya. Da na fara yi a gida, na duba kicin na ga wata tukunyar ƙarfe mai kauri a bayan kabad, na ce ai wannan an manta da ita. Ashe ita ce wadda kakarki ta ba mamanki ranar aure, ana ajiye ta ne don tuwon Kirsimeti. Mamanki ta leƙo ɗakin katako ta gan ta a kan wuta cike da dalma. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baban Rahila, me ake dafawa?" Na ce ɗan aiki ne. Ta ce, "To idan ya nuna ka ci, don shi ne abincinka na yau." Tukunyar ba ta sake komawa kicin ba, kuma ba za ta taɓa komawa ba. Duk abin da ya taɓa dalma ya rabu da abinci har abada, ludayi ne, cokali ne, tsumma ne.

Hannu kuwa ba a iya ajiye shi a ɗakin katako, shi ne matsalar. Walta da cokali da wuƙa yake cin abinci, bai taɓa tunanin ya ja mini kunne ba. Ni kuwa in fito daga aiki in goge hannu a wando in zauna gaban tuwo da miyar kuka, in gama in lashe yatsu ɗaya bayan ɗaya. Da likitarmu ta unguwa, GP, ta auna jinina ta tambaye ni ko a kamfanin batir nake aiki. Na ce a'a, a sito nake a Cheetham Hill, kwalayen takalma nake ɗauka. Da na ba ta labari ta ajiye alƙalami ta ce in nuna mata yadda nake cin tuwon. Na nuna mata har da lasar. Rahila, mu masu ci da hannu ne, dokarmu ta fi ta Turawa tsanani. Sabulu da burushi, har ƙarƙashin farce, kafin ki taɓa ko da gyaɗa. Kada ki narka dalma a cikin gida ko da sanyi zai kashe ki, ki buɗe ƙofar garejin Anti Laraba gaba ɗaya ki tsaya inda iska take. Ke da kike aiki a ɗakin gwajin jini kin fi ni sanin abin da dalma take yi wa jiki, amma sani daban, yunwa daban.

Ruwa kuma, ko ɗigo. Wani maƙwabci yana gyaran rufi ya ba ni guntayen tsohuwar dalma, na ji daɗi na bar su a waje. Kin san garin nan, sama ba ta gajiya. Na ɗauko gunta ɗaya na girgiza shi, na ce ai ya bushe, na jefa cikin narkakkiyar dalma. Ban san sanda na tsinci kaina a cikin furannin da mamanki ta shuka ba. Rufin ɗakin ya koma azurfa, hular da nake zuwa coci da ita ta samu ado, girata ta hagu ta tafi hutun wata biyu. Ranar Lahadi mamanki ta zana mini wata da fensirin kwalliya, duk wanda ya gaishe ni sai ya tambaya me ya ba ni mamaki. Tabarau ne ya cece ni. An ce mini Birmingham ba ta kai mu ruwa ba, kada ki yarda, sama ɗaya ce. Sabuwar dalma ki sa ta a tukunya tun tana sanyi su ɗumama tare, kuma tabarau a fuska tun kafin ki kunna wuta.

Ba zan ɓoye miki labarin man kaɗanya ba, ko da yake mamanki ta riga ta ba ki shi da ƙari. Man da ake shafa wa harsashi don kada ya bar dalma a bututun bindiga, Walta da kakin zuma da kitsen rago yake haɗa nasa. Ni na ce ai mu muna da abin da ya fi, na ɗebi man kaɗanyar da aka aiko mata daga gida. A rana ɗaya na canza mai, na canza haɗin dalma, na canza zurfin da harsashi yake zama a ƙwanso, wato kwanon tagullar da ake zuba wa albarushi. Na je filin kulob ɗinmu na harbi na harba, takarda ta fito kamar kaji sun yi kiwo a kanta, duk kulob yana ƙanshin ɗakin amarya. Walta ya ce, "Wanne ne ya ɓata?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Ni ma haka. Da ɗaya ka canza da mun sani." Har yau ban san ko man kaɗanya yana da laifi ba, na dai san na saya wa mamanki wani da tsada. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya. Kuma kada ki karɓi awon albarushi daga bakin wani don ya ce tasa bindigar irin taki ce. Tsofaffin nan kowace da faɗin cikinta da halinta. Ki tsaya kan abin da littafin awo ya ce, daga ƙasa ake farawa, kuma harsashin da ba ke kika haɗa ba kada ya shiga bindigarki, ko Fasto ne ya ba ki.

Duk waɗannan na dariya ne, gira tana fitowa, tukunya ana saye. Yanzu ga wanda ya sa mamanki ta ce a'a.

Kin san ƙaramin yatsana na dama da ba ya miƙewa. Kin san bindiga ce, amma ba na jin an taɓa zaunar da ke an gaya miki yadda aka yi dalla-dalla. Ƙwanson tsohuwar bindiga babba ne, an yi shi ne don albarushin zamanin da, mai cika wuri. Na yanzu kaɗan ake sawa, yana kwanciya can ƙasa. Sai ki zuba sau biyu ƙwanso bai ce komai ba, bai cika ba balle ya zube. Shi ya sa Walta ya kafa mini doka tun ranar farko: in an buɗe gwangwanin albarushi, ba rediyo, ba waya, ba magana. Ƙwanso yana kife har sai an zo kansa. In an gama layi a haska tocila a leƙa kowanne kafin a ɗora harsashi.

Wata Asabar da rana ina cikin zuba albarushi sai ga Dattijo Yohanna na cocinmu a ƙofa. Ya ji har lokacin ban samu aiki ba, ya hau bas biyu ya zo ya duba ni. Mutumin da ya riƙe ki ranar baftisma, furfura har gira. Ya ce, "Salama alaikum, Malam Bitrus." To ki gaya mini, wane ɗan halak ne zai yi shiru? Na juya rabin jiki na rusuna, hannu yana kan aiki.

"Ina wuni?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya iyali? Yaya sanyi? Yaya haƙuri da zaman nan?"

Ina amsawa hannuna yana tafiya shi kaɗai kamar na mai kitso. Da ya gama da mutanen Manchester sai ya tsallaka gida, ya tambayi tsohuwata, ya tambayi ƙanena, ya tambayi ko an yi ruwa a can. Wani wuri tsakanin tsohuwata da ruwan sama na zuba wa ƙwanso ɗaya sau biyu. Tocila kuwa ban haska ba, don kunya nake ji in bar dattijo a tsaye. Na ɗora harsasai da sauri muka shiga cikin gida shan shayi.

Mako na zagayowa a fili, harbi ya yi ta tafiya daidai, har ina jin kaina. Sai na ja kunama na ji kamar an rufe ƙofar mota a kan kunnena. Bindigata ta farko ta tsage a gefe, hannun buɗe ta ya doke yatsuna, tabarau ya yi zane kamar gizo-gizo ya yi saƙa. Allah ya sa ba kowa kusa da ni. Walta ya bi ni asibiti, ya zauna bakin gado da hularsa a gwiwa. Bai tambayi yatsa ba. Ya ce, "Wa ya yi maka magana?" Na ce, "Ba magana ba ce, gaisuwa ce." Ya ce, "Mene ne bambancin?" Na fara yi masa bayani, cewa a wurinmu wanda bai amsa gaisuwar babba ba kamar bai da iyaye ne. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ka gaya wa albarushin haka?"

Daga baya da idon Walta ya raunana ya koma gidan tsofaffi, shi ya sa aka mayar da tasa bindigar kan lasisina, ita ce wadda yanzu ta koma kan naki. Da sharaɗi ya ba ni, in riƙa kulle kaina in zan taɓa albarushi, kin ga kwaɗon da na sa wa ƙofar ɗakin katako ta ciki.

Ga abin da ya dame mu. Mu muka tarbiyyantar da ke, kuma mun yi aikin da kyau fiye da kima. Hausarki tana ɗingishi, amma gaisuwarki ba ta da na biyu a cocin nan, har tsofaffin mata suna nuna ki ga 'ya'yansu. Turawan kulob ba na jin tsoron su, su in sun tambayi lafiyarki ba sa tsayawa jin amsa. Anti Laraba nake tsoro. Garejinta ba kwaɗo, gaisuwarta ta fi wa'azi tsawo, kuma gidanta tashar mutanenmu ce, ɗalibai da masu neman ɗaki da masu kawo daddawa. A nan duk layin da kika zuba ina bayanki ina leƙawa, ko da kina ganin shayi nake sha. A can ba ni. Mamanki ta ce, "Yarinyar da ba ta iya wuce babba ba ta durƙusa ba, ita za ka ba albarushi a gidan Laraba?"

To, zuwan Dattijo Yohanna ranar Asabar ɗin nan da ta wuce ba haka kawai ba ne, ni na shirya shi. Bayan sujada na ja shi gefe na ce ina so ya zo ya gaishe ki. Ya ce, "Ni zan gaishe ta? Duniya ta juya ke nan." Da na yi masa bayani ya yi dariya har da tari, ya ce ai shi ma yana da bashin yatsa a wuyansa, zai zo. Na cire kwaɗon tun da safe na ce miki ya lalace. Ni da mamanki muka tsaya a tagar kicin.

Ya tsaya a ƙofa ya yi sallama. Ba ki ɗago ba. Ya ce, "Rahila 'yata, ina wuni?" Shiru. Ya gyara murya ya ce, "Ina gajiya?" Na ga kunnuwanki sun motsa, na ga wuyanki ya ƙage, amma hannunki bai tsaya ba, idonki bai bar ƙwanso ba. Mamanki ta ce, "Yarinyar nan za ta kashe ni da kunya," ta kai hannu za ta buɗe taga, na riƙe mata zani. Dattijo ya kai har kan mutanen gida shi kaɗai, yana tambaya ba mai amsawa, kamar mai wa'azi a kasuwa. Kika gama layinki, kika ɗauki tocila kika leƙa kowanne, kika rufe gwangwani. Sannan kika fito kika durƙusa har ƙasa a kan jiƙaƙƙen siminti kika ce, "Baba, sannu da zuwa, ka yi haƙuri."

Abin da ba ki gani ba shi ne shigowarsa kicin. Mutumin da aka shirya da shi, ya shigo ransa a ɓace da gaske. Ya ce, "Malam Bitrus, na san shiri ne, amma ko gyaran murya ba ta yi mini ba." Na ce ai abin da muke nema ke nan. Ya ce, "Na sani. Amma da zafi." Sai da mamanki ta sa masa cincin a gaba ya sauko.

Jiya bayan mun dawo coci na sami mamanki a ɗakin katako, ita da ba ta shiga can sai da faɗa, tana naɗe sikeli da tsohon tawul. Na ce me ake yi? Ta ce, "Kai in aka bar ka haka za ka jefa shi a but ɗin mota ya karye." Ta kuma kira Anti Laraba ta gaya mata cewa in ta ga ƙofar gareji da jan ƙyalle a rataye, ko gobara ce ta jira. Anti ta ce wannan wace irin tarbiyya ce, mamanki ta ce irin ta gidanmu.

Saboda haka ki tafi da su, duka. Suna cikin but ɗin mota, na sa mazubi a cikin safar sanyina don kada ya bugu, ki dawo mini da safar. Abu ɗaya ya rage: kafin mu kama hanya ranar Laraba za mu biya ta gidan Dattijo. Ki shiga hannu wofi ki gaishe shi tun daga kansa har kajin ƙauyensu, kada ki tashi sai shi ya gaji.

Ni kuwa kada ki damu da Asabar ɗina. Idona ma ya fara ganin takarda biyu inda aka kafa ɗaya, kuma ba wadda nake samu a cikinsu. Zan fitar da kujera ƙofar gida in zauna, duk wanda ya wuce a titin nan ya kuskura ya gaishe ni, sai ya makara a inda za shi.

Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki. Ya tsare idanunki biyu da yatsunki goma, ya kiyaye ki daga wuta da ruwa da gaggawa. Ya ba ki hannu mai natsuwa, ya sa ki gama da mutanen Birmingham lafiya, ya dawo mana da ke kina dariya. Mamanki tana gaishe ki, tana nan ƙasa, ta ce ki sauko tuwo zai huce.

Ni ne babanki,
Bitrus